MIYAR CUKU TA DANGWALE: YADDA UWARGIDA ZA TA FITA KUNYAR BAƘI

Duk ɗan Arewa da ya daɗe a Kudu ya san ranar taro ita ce ranar da ake auna gida. Ko suna ne a Agege, ko walima a Sabon Badun, ko kuwa taron ƙungiyar 'yan gari a Fatakwal, baƙin da ke zuwa ba iri ɗaya ba ne. Akwai 'yan'uwa daga gida, akwai maƙwabta Yarabawa da 'yan ƙabilar Ibo, akwai abokan aikin maigida, ga kuma yaran da aka haifa a nan, waɗanda bakinsu ya saba da cimar da iyayensu ba su tashi da ita ba a Kano ko Sakkwato.

Cikin irin abincin da yaran nan ke gani a gidajen cin abinci na Ikko da kuma cikin wayoyinsu, har su dawo gida su dami uwa da roƙo, akwai wata miya mai kauri da ake yi da narkakken cuku. Ba a cin tuwo da ita. Ana zuba ta ne a ƙaramin kwano, a ajiye tsakiyar faranti, a kewaye ta da soyayyen abu ko gasasshen burodi, kowa ya ɗauka ya dangwala kafin a kawo babban abinci. Saboda haka a nan za a kira ta miyar dangwale.

Yin ta bai wuce minti 20 ba. Amma fa cukun da ake yin ta da shi yana da tsada ƙwarai, kuma wuta kaɗan in ta yi yawa sai kuɗin duka su bi ruwa. Ban da wannan akwai maganar halal, akwai kuma maganar lafiyar waɗanda za su ci. Uwargidan da ta fahimci waɗannan abubuwa uku, watau wuta da halal da lafiya, ta gama da miyar nan.

ASALINTA

Miyar dangwale ta cuku abincin Amurka ce, musamman jihar Teksas da ke iyaka da ƙasar Meziko. A can sunanta "cile kon keso", watau barkono da cuku a harshen Sifaniyanci, amma yawancin mutane "keso" kawai suke cewa. Tushenta yana arewacin Meziko, ƙasar makiyaya, inda aka daɗe ana narka cuku a ƙaramin kasko tare da gasasshen barkono, a ci da wainar masara. Shanu dai mutanen Sifen ne suka kai su can cikin ƙarni na 16. Barkono da tumatir da masara kuwa 'yan asalin wancan yanki ne, daga can ne ma suka bazu har suka iso gonakin ƙasar Hausa. Ke nan rabin kayan miyar nan ba baƙi ba ne a madafin uwargida.

Abin da ya sa ta shiga kowane gida a Amurka shi ne cukun masana'anta. A shekarar 1911 wasu mutane biyu a ƙasar Suwizalan, Walter Gerber da Fritz Stettler, suka gano cewa in aka narka cuku tare da wani gishiri da ake kira sodiyam sitiret, zai narke sumul, kuma zai daɗe bai lalace ba. A 1916 James Kraft ya yi rajistar tasa dabarar a Amurka. A 1918 aka ƙago cukun Velveeta a jihar Niyok, kamfanin Kraft kuma ya saye shi a 1927. Daga baya, cikin shekarun 1940, wani kamfani mai suna Ro-Tel a garin Elsa na Teksas ya shiga cusa tumatir da koren barkono a gwangwani. Da aka haɗa waɗannan biyu, sai ya zama ko yaro zai iya yin miyar: a yanka cuku, a juye gwangwani, a ɗora a wuta.

Har yau mutanen can ba su gama gardama a kan wa ya fi iya ta ba. 'Yan jihar Akansa suna cewa a wani gidan abinci nasu aka fara ta tun 1935, kuma a 2010 suka buɗe gasar miyar cuku. A watan Disamba na 2016 sai da gardamar ta kai Majalisar Dattawan Amurka, inda sanatocin Teksas da na Akansa suka kawo kowa tasa, 'yan'uwansu suka ɗanɗana ba tare da sanin ta wane ce ba. Ta Akansa ce ta ci.

BA KOWANE CUKU KE NARKEWA BA

Kuskuren farko da ake yi shi ne a ɗauka cuku duk cuku ne. Uwargida ta ga wara mai kyau a hannun Bafillatana a kasuwar Bodija, ta saya da niyyar yin miyar dangwale, ta ɗora a wuta. Ko za ta kwana tana juyawa, wara ba za ta narke ba.

Dalili kuwa yana cikin yadda ake yin kowanne. Cuku kamar raga yake, wadda aka saƙa da furotin na madara, ƙwayoyin mai da ruwa suna maƙale a cikin idanunta. Abin da ke ɗaure zaren ragar shi ne sinadarin kalsiyam. Cukun Turawa irin wanda aka rubuta Cheddar a jikinsa, wanda ya samo suna daga wani ƙauye a Ingila, ana barin madararsa ta ɗan yi tsami, sa'an nan a ajiye shi watanni. Tsamin yana rage kalsiyam, ajiyar kuma tana sassauta zaren. To da ya ji zafi kamar digiri 65, sai ragar ta saki, ya malale.

Wara ba haka take ba. Matan Fulanin da ke zaune wajen Ilori da Iseyin da Shaki suna ɗora ɗanyar madara ce a wuta tun ba ta yi tsami ba, su zuba ruwan ganyen tumfafiya, wadda Yarabawa ke kira bomubomu. Madarar ta daskare, su ci gaba da dafawa har ta kusa tafasa, su kwashe a ƙananan kwanduna ta tsane. Kalsiyam ɗinta bai je ko'ina ba, zafin wutar kuma ya ƙara ɗaure ta. Shi ya sa ake iya soya ta cikin mai ta fito da siffarta. Ita ce ake kira wagashi a Jamhuriyar Benin da Gana. Ruwan tumfafiya dai ɗanyensa yana da illa, musamman ga ido, don haka aikin wara gara a bar wa masu shi.

Cukun Buzaye da ake kawowa daga wajen Tawa da Abalak a Nijar, mai faɗi da ƙauri kamar faifai, shi kuma an shanya shi ne har ruwan jikinsa ya ƙare. Yana da daɗi da shayi, ana kuma daka shi cikin fura, amma ba na narkawa ba ne. Awarar waken suya kuwa ba ta ma haɗa hanya da madara ba.

Saboda haka mai son miya mai zafi, dole ya nemi Cheddar, ko cukun masana'anta irin mai kusurwa uku da ke zuwa a zagayayyen kwali, ko wanda aka yanka falle-falle. Wara da kindirmo suna da nasu matsayi, za a zo kansa a gaba.

KAYAN HAƊI

Domin mutum 6 zuwa 8, ga abin da za a tanada:

Cukun Cheddar, giram 250.
Madarar gwangwani marar sukari, ƙananan gwangwani 2.
Konfulawa, watau farin garin masara mai laushi, babban cokali 1.
Albasa matsakaiciya 1.
Tafarnuwa, ƙwaya 2.
Tattasai 1.
Attaruhu 1 ko 2, gwargwadon bakin baƙi.
Tumatir 2 masu ƙarfi.
Bota ko man shanu, babban cokali 1.
Lawashi kaɗan.

A lura, madarar gwangwani iri biyu ce. Akwai mai ruwa marar sukari irin wadda masu shayi ke hudawa, akwai kuma mai kauri mai zaƙi kamar zuma. Ta farkon ake nufi. An fi son ta a kan madarar gari ko ɗanya domin an ƙone fiye da rabin ruwanta, furotin ɗinta ya yi yawa, shi ne kuma ke taimakawa wajen riƙe man cuku kada ya taso.

Cukun da aka sayo dunƙule ya fi wanda aka riga aka goge a leda, ya kuma fi araha. Sabon Cheddar mai laushi ya fi tsoho saurin narkewa, ko da yake tsohon ya fi ɗanɗano.

YADDA AKE YI

Da farko a goge cukun da magogin kuɓewa tun yana da sanyi, don in ya yi laushi manne wa magogin yake yi. A barbaɗa masa konfulawar, a cakuɗa da hannu har kowane sili ya samu. Wannan gari shi ne mai tsaron miyar, shi zai shiga tsakanin mai da furotin ya hana su rabuwa.

A yanka albasa da tattasai da attaruhu ƙanana ƙwarai, a daka tafarnuwa. Tumatir kuma a tsaga shi, a zubar da 'ya'yan da ruwan cikin, a yanka tsokar. Wanda ke son ƙamshi irin na mutanen Meziko, sai ya fara gasa tattasan a kan garwashi har bayansa ya yi baƙi, ya ɓare, sa'an nan ya yanka.

A ɗora tukunya mai kaurin gindi a wuta matsakaiciya, a narka bota, a soya albasa har ta yi laushi ba tare da ta yi ja ba. A zuba tafarnuwa da tattasai da attaruhu da tumatir, a ci gaba da soyawa har ruwansu ya ƙone sarai. Wannan mataki bai kamata a yi masa gaggawa ba, domin ruwan tumatir da tsaminsa suna iya tsinka madara.

Daga nan sai a rage wuta ta koma can ƙasa. Mai girki da gawayi ya janye garwashi, mai risho ya sauke lagwani. A zuba gwangwanin madara ɗaya da rabi, a ajiye sauran rabin. Da zarar madarar ta fara tururi, kafin ta tafasa, sai a fara zuba cuku, tafi ɗaya tafi ɗaya, ana juyawa da cokalin katako. Kada a ƙara wani sai na farko ya narke. Bayan an gama zubawa, a ci gaba da juyawa minti 3 zuwa 5 har ta yi kauri tana sheƙi, ta kama bayan cokali.

Sai a ɗanɗana tukuna kafin a taɓa gishiri ko dunƙulen magi. Cuku yana zuwa da gishirinsa, sau da yawa ma ba a bukatar ƙari. A sauke, a juye a kwano mai ɗumi, a watsa yankakken lawashi a sama.

Doka ɗaya ce ta fi sauran: miyar cuku ba ta tafasa. Uwargidan da ta saba barin miyar kuka ko ta taushe tana ɓararraka, sai ta danne wannan sabo. In zafi ya yi yawa, zaren furotin tsukewa yake yi ya matso man waje, kamar yadda ake matse ƙuli, sai a ga mai yana yawo a sama, gudaji kuma a ƙasa.

IN TA ƁACI

Idan aka ga mai ya fara tasowa, a sauke tukunyar nan da nan, a zuba cokali biyu na madarar da aka ajiye, a kaɗa da ƙarfi da maburgi. Sau da yawa takan dawo. In akwai cuku mai kusurwa uku a gida, a jefa guda biyu, domin gishirin narkarwar da ke cikinsa yana ɗinke abin da ya rabu. Wasu ma tun farko suke saka shi don rigakafi.

In ta yi kauri da yawa, a ƙara madara kaɗan-kaɗan. In ta yi ruwa, a dama ƙaramin cokalin konfulawa da ruwan sanyi, a zuba, a juya a kan ƙaramar wuta. Kuma a sani, tana ƙara kauri in ta huce, don haka gara a sauke ta da ɗan saura.

MAGANAR KUƊI

Yawancin cukun da ke manyan kantunan Ikko da Badun da Fatakwal daga waje ake shigo da shi, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023 kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabi. Ko a can inda ake yin sa ba abu ne mai araha ba, domin sai an kashe kamar lita 10 ta madara kafin a sami kilo 1 na Cheddar. Wara kuwa kamar lita 5 ke ba da kilo 1.

Babu dalilin da zai sa gida ya ci bashi saboda abin taɓa baki. Ga hanyar da za a bi a ƙara yawan miyar da rabin cuku. A narka bota babban cokali 2, a zuba fulawa babban cokali 2, a juya minti ɗaya har ƙarnin fulawar ya fita. A riƙa zuba madara kofi 2 sannu a hankali ana kaɗawa, har ta yi kauri kamar kunu. A sauke daga wuta, sa'an nan a zuba Cheddar giram 120 da cuku mai kusurwa uku guda 4, a juya su narke da zafin tukunyar. A kawo soyayyen kayan miya a zuba. Wannan dabara ce ta masu girkin Faransa, kuma ga mai koyo ta fi sauƙi, don da wuya ta tsinke.

TA KINDIRMO DA WARA

Akwai kuma miyar dangwale mai sanyi, wadda ba ta bukatar komai daga kanti. Amurkawa suna da irinta tun shekarun 1950, ta kirim mai tsami da garin miyar albasa. Mutanen Lebanon da ke zaune a Ikko da Kano kuwa tun kaka da kakanni suke tace kindirmonsu ya yi kauri, su kira shi labne, su ci da burodi da man zaitun.

A sami kindirmo mai kyau lita 1, wanda ba a saka wa sukari ba. A zuba masa rabin ƙaramin cokalin gishiri, a juye a farin ƙyalle mai tsabta irin na tatar koko, a ɗaure, a ɗora a kan matsami ko rariya da kwano a ƙasa. A saka a firij ko cikin kula mai ƙanƙara, awa 6 zuwa 8. Ruwan zai tsiyaye, abin da ya rage zai yi kauri kamar man kaɗe.

A tafasa wara giram 200 cikin ruwan gishiri minti 10, a tsame, ta huce, a murmushe ta ko a daka ta yi laushi. A haɗa da tataccen kindirmon, a zuba dakakkiyar tafarnuwa ƙwaya 1, da yankakken lawashi, da attaruhu kaɗan, da ganyen na'ana'a in akwai. A juye a kwano, a ɗiga man zaitun ko soyayyen man gyaɗa, a barbaɗa yajin ƙuli a sama. Dattawan da ba su yarda da cukun kanti ba sukan karɓi wannan hannu biyu, domin ɗanɗanon gida ne.

ABIN DANGWALAWA

A Amurka da soyayyar wainar masara mai ƙaras-ƙaras ake ci. A nan babu bukatar neman ta. Burodin Agege in aka yanka shi siri-siri aka gasa ya bushe, ya wadatar. Haka gurasa, ko burodin shawarma da aka yanka kusurwa uku aka soya. Soyayyar doya da Yarabawa ke kira dundu, da soyayyen dankali, da busasshiyar soyayyar agada da ake kira ipekere, duk suna tafiya da ita. Karas da kokwamba da aka yanka tsaye suna rage nauyin mai.

A nan ne kuma wara take ramawa. A yanka ta ƙanana, a soya ta yi ja, a tsire kowane yanki da tsinke, a jera gefen miyar mai zafi. Taurin nan da ya hana ta narkewa shi ne ya sa ta fi komai dacewa da dangwale.

MAGANAR HALAL

Wajibi ne uwargida ta yi hattara da girke-girken da yara ke nuno mata a waya. Da yawa daga cikinsu suna saka naman alade, wanda ke zuwa da sunaye kamar bacon da ham da chorizo. Wasu suna zuba giya, kamar yadda mutanen Suwizalan ke narka nasu cukun da ruwan inabi mai sa maye. Babu ɗaya cikin waɗannan da miyar ke bukata. Mai son nama ya soya niƙaƙƙen naman sa da yaji ya zuba, ko ya watsa dambun nama ko yankakken tsire a sama.

Shi kansa cukun akwai abin dubawa. Tun zamanin da, ana daskarar da madara ne da wani sinadari da ake cirowa daga tumbin ɗan maraƙi mai shan nono, wanda Larabawa ke kira infaha. In dabbar an yanka ta bisa shari'a, babu magana. In ba a yanka ta haka ba, malamai sun saɓa. Imam Abu Hanifa yana ganin infahar tana da tsarki, Imam Malik da Imam Shafi'i kuwa suna ganin najasa ce. Da yake yawancin mutanen Arewa Malikawa ne, maganar ba ta wasa ba ce.

Sauƙin da aka samu shi ne, tun daga 1990 aka amince a Amurka da wani madadin infaha da ake samarwa ta hanyar ƙananan halittu ba tare da an yanka dabba ba, kuma yanzu da shi ake yin akasarin cukun Amurka da Ingila. Sai a duba jikin leda. In akwai tambarin halal, babu matsala, in kuma akwai kalmar vegetarian, watau ya dace da marasa cin nama, to babu infahar dabba a ciki. Cukun Italiya mai tauri da ake kira Parmigiano Reggiano kuwa, dokarsa ce sai da infahar ɗan maraƙi. Haka nan wasu kirim da yogot na kanti suna ɗauke da jalatin, wanda ana iya samo shi daga alade. Wanda ya yi shakka ya tambayi malamin unguwarsu. Ita dai wara da ganye ake daskarar da ita, wannan tambaya ba ta taso a kanta ba.

LAFIYAR BAƘI

Abincin madara ba ya haƙuri da zafin Kudu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin kada a bar dafaffen abinci a fili fiye da awa 2, kuma mai zafi a riƙe shi sama da digiri 60, mai sanyi ƙasa da digiri 5, domin tsakanin nan ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. Hukumomin abinci na Amurka sun ƙara da cewa in zafin gari ya wuce digiri 32, awa 1 ce iyaka. Duk wanda ya yi watan Fabrairu ko Maris a Ikko ya san ana kai wa haka.

Saboda haka kada a yi miyar tun safe alhali baƙi sai la'asar. A gyara kayan haɗi a ajiye, a narka cuku in an ji sallamar farko. A riƙa fitar da ita kaɗan-kaɗan, sauran yana cikin kula, ko a ɗora tukunyar cikin babban kwano mai ruwan zafi. Abin da ya rage a faranti bayan an tashi, zubarwa za a yi. Wanda bai fita ba ana iya saka shi a firij kwana 3, amma in wutar lantarki ta ɗauke dare guda, kada a yi ƙyashin zubar da shi. Kuɗin asibiti ya fi kuɗin cuku.

Madarar da ba a dafa ba tana iya ɗaukar cutar tarin fuka da wadda makiyaya ke kira bakkale. Don haka a sayi kindirmo wurin wadda aka san tana dafa madararta, wara kuma a sake tafasa ta ko a soya, musamman in akwai mai juna biyu ko ƙananan yara cikin masu ci. Wara ba ta wuce kwana 2 ko 3 in babu sanyi.

Mutanen Arewa sun saba da cin kwano ɗaya, kuma akwai albarka a ciki, amma dangwale yana da ladabinsa. Wanda ya gatsi burodi kada ya mai da ragowar cikin miya. A 2009 masu bincike na Jami'ar Clemson a Amurka sun auna wannan, suka tarar ƙwayoyin cutar baki suna komawa cikin kwano. Maganin abin shi ne a yanka komai loma ɗaya, a saka cokali a kwanon, yara kuma a ba su nasu daban.

Akwai kuma abin da ya shafi maƙwabta. A 1971 wasu likitoci, cikinsu har da Olikoye Ransome-Kuti wanda daga baya ya zama ministan lafiya, sun buga sakamakon binciken da suka yi a Nijeriya kan sukarin da ke cikin madara. Sun gano cewa yawancin Fulani makiyaya cikinsu yana narka shi har girma, amma Yarabawa kusan duka ba ya narka musu bayan yaye, Hausawan gari ma da yawa haka suke. Alamarsa kumburin ciki da ƙugi da gudawa. Cheddar ba shi da wannan sukari sai kaɗan, amma madarar gwangwani cike take da shi. Kyautatawa ce uwargida ta shaida wa baƙi cewa akwai madara a ciki, kada maƙwabci ya koma gida ya ce an ba shi wani abu.

Masu hawan jini su ma su taɓa kaɗan. Kamar kashi ɗaya cikin uku na Cheddar mai ne, cukun masana'anta kuma gishirinsa yana da yawa, alhali gishirin da aka yarje wa babban mutum a yini bai kai giram 5 ba, watau ƙaramin cokali ɗaya.

A GWADA KAFIN RANAR

Shawara ta ƙarshe ita ce kada uwargida ta fara koyon miyar nan ranar suna, gida cike da mutane. Ta sayi ɗan ƙaramin yanki, ta gwada rabin awo wata ranar Asabar, ita da yaranta, ta ga yadda murhunta ke ba da wuta. Ranar taro kuma ta ajiye iri biyu, mai zafi ta cukun kanti da mai sanyi ta kindirmo, kowane baƙo ya miƙa hannu inda ransa ke so.

Miyar dangwale dai abin jiran abinci ce. Waina da miyar taushe, da tuwon shinkafa, da funkaso, su ne za su tuna wa baƙon da ya zo daga gida cewa masu gidan nan ba su manta inda suka fito ba. Allah ya sa a yi taro lafiya a tashi lafiya.